Amsoshin Tambayoyinku: Batirin Sigarin Lantarki, Na Rufe Ko Na Cirewa?

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gyaran babur a Kaduna. Na shekara 22 ina shan taba, har likita ya ce in ba so nake in bar 'ya'yana marayu ba, to in rabu da ita. Bara na sayi sigarin lantarki, ɗan ƙarami irin wanda ake yi wa caji kamar waya, kuma cikin ikon Allah tun daga lokacin ban sake kunna kara ko ɗaya ba. Niyyata shi ma in ajiye shi sannu a hankali. To yanzu batirinsa ya gaji: in na cika shi da safe, kafin azahar ya ɗauke, kuma na lura cikinsa ya ɗan kumbura. Na koma wurin mai sayarwa, ya ce ba a canza wa irin wannan batir, sai dai in sayi babba wanda ake cire batirinsa, in riƙa ajiye na sauyi a aljihu. Maganar ta shige ni, don ni ɗan zamanin Nokia ne, lokacin da in batir ya mutu sai ka zare ka sa wani, waya ta yi shekara goma a hannunka. Kuma na ga irin batirin wurin masu tocila da araha, an rubuta 9900 a jikinsa. Wanne ya fi? Sannan ina shirin zuwa Umra, ana barin mutum ya shiga jirgi da shi?

Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya cika maka burin rabuwa da abin baki ɗaya. Bari in fara da amsar a taƙaice, don na san ɗan kasuwa ba ya son a ja masa rai: ka sake sayen ƙarami mai batir a rufe, na kamfanin da ke da suna da adireshi, ka ƙyale babban. Mai kantin bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. Ragowar rabin a cikin wasiƙarka na tsince shi, inda ka faɗi sana'arka. Zan zo kan wannan.

Kalma ɗaya game da lafiya sannan in wuce, tunda ba ita ka tambaya ba. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana cewa ga wanda ya riga ya saba da taba, komawa sigarin lantarki ya fi sauƙin illa, amma ba ta taɓa cewa ba shi da illa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi matsa masa lamba, musamman saboda yara da matasan da ba su taɓa shan taba ba amma suka faɗa tarkon nikotin ta wannan ƙofa. Indiya ma haramta shi ta yi ɗungurungum a 2019. Don haka duk abin da zan faɗa, ga irinka nake faɗa, mai neman hanyar fita.

Abin da ke cikin na'urar bai taka kara ya karya ba. Batir ne, da 'yar waya da aka nannaɗe, wadda masu gyara ke kira kwayil, da auduga jiƙe da ruwan nikotin. Ka danna ko ka zuƙa, batir ya tura wuta cikin kwayil, kwayil ya ɗau zafi cikin ƙiftawar ido, ruwan ya zama tururi. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, wanda shi kansa mashayin taba ne kuma cutar dajin huhu ta kashe mahaifinsa, shi ya fito da na zamani a 2003, kuma har yau yawancinsu a birnin Shenzhen ake ƙera su. Wato dai 'yar hita ce kake yawo da ita. Duk wanda ya taɓa jona dutsen guga a ƙaramin janareta ya ji yadda muryar injin ke sauyawa nan take, don abin da ke ɗumama wani abu cin wuta gare shi. Waya kurɓar wuta take yi, wat biyu, wat uku, har yini ya ƙare. Ƙarami irin naka yana jan wat 10 zuwa 20 a zuƙa ɗaya. Babban da ake tallata maka yana jan 60, 80, wasu masu batir biyu har 200. Batirin da zai iya aman wuta haka cikin daƙiƙa ɗaya, zai iya aman ta inda ba a so ma.

A nan ne kwatancen Nokia ya ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ba. Ka tuna batirin nan BL-5C, na Nokia 1100 da 'yan uwanta. An kewaye gefensa da roba, bakunansa guda uku na tagulla a lotse suke ciki, kuma a cikinsa akwai ɗan ƙaramin fanel da ke gadi: in wuta ta haɗe ya yanke, in caji ya wuce kima ya yanke, in ya zuƙe ƙwarai ya yanke. An yi shi ne da sanin cewa kowa zai taɓa shi, da tsohuwa da yaro da mai cajin waya a bakin titi da ke jera guda hamsin a kan tebur.

Wanda ake sa wa babban sigarin lantarki wata halitta ce daban. Sunansa 18650, kuma sunan awonsa ne: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Yana da yaya, 21700, mai kaurin 21 da tsawon 70. Kamfanonin da ke yin na ƙwarai 'yan kaɗan ne: Samsung, LG, Panasonic, Molicel, da Murata wanda ya sayi sashen batir na Sony a 2017. Asali ana yin su ne don a jera su da yawa a cikin akwati a rufe, tare da fanel mai tsaro, kamar yadda suke a batirin tsohuwar laftof, da injin huda katako mara waya, da fawa bank. Motar Tesla Model S ma dubban irinsu aka jera a ƙarƙashinta. Ƙwaya ɗaya da aka zaro ita kaɗai ba ta da ɗan fanel ɗin nan mai yanke wuta. Akwai masu shi da ake yi wa tocila, amma ba sa aiki a sigarin lantarki, don da ya ga irin wutar da ake ja zai ɗauka haɗari ne ya yanke, ga shi kuma sun fi tsawo. Saboda haka tsirararsa ake sawa.

Ka ɗauki ɗaya ka duba da kyau in ka koma kasuwa. Dukan gwangwanin ƙarfen, daga gindi har wuya, negetif ne. Fozitif ɗin ɗan faifai ne a ka, tsakaninsa da leɓen gwangwanin bai fi 'yan milimita ba. Abin da ya raba su zobe ne siriri na roba ko takarda, sai kuma ledar nan mai launi, kore ko ruwan hoda ko ruwan ƙasa, da ta lulluɓe jikin. Mutane na ɗauka ledar ado ce ko wurin rubuta suna. Ita ce katangar da ke tsakaninka da gobara. In ta yage a wuya ko da girman ƙwayar gero ne, ƙarfe ya taɓa kai da wuya lokaci guda, an gama. Ko ledar lafiya ƙalau take, tarin makullai da ya taɓa kai da gindi ya isa.

Abin da ke biyo baya cikin sauri yake faruwa. Wuta mai yawa ta bi ta ƙarfen, batirin ya ɗau zafi, siririn tantanin da ya raba sinadaran ciki ya narke, su haɗe, zafi ya haifi zafi, ruwan da ke ciki kuma mai kama wuta ne kamar fetur. Cikin daƙiƙu kaɗan zafin ya haura ɗaruruwan digiri, iskar gas ta nemi hanya. Da yake gwangwani ne dogo mai rauni a ka, sai ya yi feshin wuta ta nan, wani lokaci ya tashi kamar roka.

To yanzu, Malam, sa hannu a aljihun kaftaninka ka zazzage abin da ke ciki. Na yi imani za a samu makullan shago, da makullin babur, da noti biyu ko uku da wani ya kawo a nemo masa irinsu, wataƙila da fulogi ko 'yar sifana. A Najeriya silalla sun ɓace daga aljihu, mun huta da wannan, amma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram har yau suna yawo da silallan sefa. Aljihun da mai kanti ya ce ka ajiye batirin sauyi, shi ne wuri mafi muni da za a iya sa shi a duk faɗin Kaduna. Ga shi aljihun kaftani a kan cinya yake kwance, ga yadin zamani mai haɗin roba da ke narkewa ya manne a fata.

Kada ka ce tsoratarwa ce kawai. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta tattara rahotannin da kafafen labarai suka bayar daga 2009 zuwa ƙarshen 2016, ta ƙirga fashewa ko gobara 195 da suka shafi sigarin lantarki. Mutum 133 sun ji rauni, 38 daga ciki mummunan rauni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin a aljihu ya faru. In aka auna da miliyoyin masu amfani da shi, adadin kaɗan ne, gaskiya. Amma rundunar sojin ruwan Amurka ba ta ga ƙanƙantarsa ba, don a 2017 ta hana shiga da shi jiragenta. A farkon 2021 kuma hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta gargaɗi jama'a da su daina sayen ƙwayoyin 18650 da ake sayarwa ɗai-ɗai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su kansu manyan masu ƙera batirin, irin su Samsung da LG, sun sha fitar da sanarwa cewa ba su yi shi don a sa a sigarin lantarki ko a riƙe a hannu ba. Mai abu ya ce kada ka yi amfani da abinsa ta wannan hanya, ai ka tsaya ka saurara.

Sai batun 9900 da ka gani. Lambar da ake rubutawa da mAh tana nuna yawan wutar da batir ke ɗauka, kamar a ce litar tankin babur. Babu 18650 na gaskiya da ya kai ko rabin 9900. Masu yawan ɗauka a cikinsu galibi suna wajen 3500, kuma masu jure jan wuta mai ƙarfi, waɗanda sigarin lantarki ke buƙata, tsakanin 2500 da 3000 suke. Duk wanda ka ga an rubuta 5000 ko 9900, ledar ce ke magana. Abin da ke ciki ko dai ƙwaya ce mara inganci, ko wadda aka zaro daga mataccen batirin laftof aka sauya mata riga, don ledar nan araha gare ta, iskar zafi kawai ake hura mata ta manne. Na ƙwarai nauyinsa yana wajen giram 45. Na bogi sau da yawa in ka ɗaga shi sakayau za ka ji. Kai da ke sayar da kayan babur ba sai an koya maka bambancin orijinal da jabu a kwali iri ɗaya ba. Irin wannan batir zai iya kunna tocila ya zauna lafiya, don tocila ba ta jan wuta sosai. A sa shi inda za a ja masa amfiya 20, labari ya sha bamban.

Lambar da ta fi mAh muhimmanci ita ce amfiyar da batir zai iya bayarwa a jere ba tare da ya yi zafin da ya wuce kima ba. Samsung 25R, misali, mAh 2500 ne, amfiya 20. Samsung 30Q ya fi shi ɗauka, 3000, amma amfiya 15 ne. Ka ga ciniki ne: in tanki ya ƙaru, ƙarfin turawa ya ragu. Lissafin kuwa ba wuya. Batirin a cike bolt 4.2 yake, na'ura takan yanke in ya sauko wajen 3.2. Ka raba wat da bolt ka samu amfiya: wat 60 a kan bolt 3.2 ya kusa amfiya 19, kafin a ƙara ɗan abin da fanel ke ci. Shi ya sa masu abin ke cewa ka ninka amfiyar batirinka sau uku, iyakar wat ɗinka ke nan. Mai amfiya 20 ya tsaya a wat 60. Wanda ya sa mai amfiya 10 ya murɗa na'ura zuwa 80, kowace zuƙa azabtar da batirin yake yi.

Akwai wani nau'i da nake roƙon kada ka ko kalle shi, wanda ba shi da fanel sam. Bututun ƙarfe ne kawai da maɓalli, ka danna, batir ya haɗu da kwayil kai tsaye, babu mai cewa ya isa. Kwayil mai om 0.15 a kan bolt 4.2 zai ja amfiya 28, ko batirin zai iya ko ba zai iya ba. Irin wannan ne ya fashe ya kashe wani mutum a jihar Florida a watan Mayun 2018. A farkon 2019 wani a Texas ya rasu bayan ɓarɓashin na'urarsa ya yanke masa jijiyar wuya. Manyan da ke da fanel da allon nuna lamba sun fi wannan aminci nesa ba kusa ba, suna yankewa in wuta ta haɗe ko an juya batir. Sai dai gadinsu yana aiki ne muddin batirin na cikinsu. Da ka zare shi, gadi ya dawo hannunka.

Kada in zalunci na cirewa, don yana da hujjoji masu ƙarfi, kuma a ƙasa irin tamu sun fi ƙarfi. Inda wuta ke kwana biyu ba ta leƙo ba, mutum ya cika batir huɗu lokaci guda ya ajiye, ba ƙaramin sauƙi ba ne. In batir ya tsufa, shi kaɗai ake saya, na'ura ta ci gaba da aiki shekara da shekaru. Kana iya ganin batirin da idonka, ka san ya lotsa ko ya yi tsatsa, alhali na rufe sai ya kumbura ka sani. Kai kake zaɓen kamfanin da ya yi shi, maimakon ka dogara da abin da aka cusa ciki aka liƙe. A lissafin shekara uku ko huɗu, shi ya fi araha. Wanda ya san abin da yake yi, mai tsari, mai wurin samun batir na gaskiya, ban isa in ce masa ya yi kuskure ba.

Amma duba mini waɗannan fa'idodi ɗaya bayan ɗaya, ka ga wacce ce taka. Babbar cikinsu ita ce daɗewa, kai kuwa ka ce so kake ka ajiye abin. Mai shirin tashi daga gidan haya ba ya haƙa rijiya a tsakar gidan. Babbar na'ura kuma hayaƙi take tulawa, tana shan ruwa ninkin abin da ƙaramar ke sha, an yi ta ne don masu sha'awar abin, masu canza kwayil da gwada ɗanɗano. Ina jin tsoron ta mayar maka da tsanin sauka ya zama kujerar zama. Rashin wuta kuwa, ƙaramin batir mai mAh 800 ko 1000, fawa bank ɗin da kake cajin waya da shi zai cika shi sau da dama.

Shi ma na rufe ba waliyyi ba ne. Batirinsa galibi irin na waya ne, shimfiɗaɗɗe a cikin jakar leda mai ruwan azurfa, ko ƙaramin gwangwani da aka yi wa walda da fanel. Sinadarin litiyam ɗin ɗaya ne, kuma in an yi shi da ha'inci yana kamawa da wuta. Wayar Galaxy Note 7 batirinta a rufe yake, amma a 2016 sai da Samsung ya janye ta daga kasuwannin duniya. Idan babban kamfani ya yi tuntuɓe haka, ka ƙiyasta na wanda ko sunansa babu a kwali. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gobarar da hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga wajen caji ta tashi. Fifikon na rufe shi ne injiniyan da ya zana shi ya riga ya daidaita batir da kwayil da caja, ya kuma ɓoye bakunan wutar inda makulli ba zai kai ba. Kuɗin wannan kwanciyar hankali shi ne abin da kake biya yanzu: batir ya mutu, na'ura ta bi shi.

Me ya kashe naka cikin shekara guda? Batirin litiyam yana jure cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili. Mai cikawa kullum ya cinye 365 a shekara, mai cikawa sau biyu a rana ya wuce 700. Wato naka ya yi kwanansa. Zafi kuma yana gaggauta tsufan. Masu ƙera batir yawanci suna cewa kada a yi caji in zafi ya haura digiri 45, kai kuwa ka san yadda shagon kwano ke zama da azahar a watan Afrilu. Motar da aka rufe a rana cikinta yana wuce 60. Ƙara da barin shi a caji dare har asuba, da zuƙa alhali yana jone, da jona shi a duk kan cajar da hannu ya kai. In ka sayi sabo, ka yi masa caji a inuwa, a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da galan ɗin mai, idonka biyu, ka zare in ya cika. Kada ka bari ya mutu murus kafin ka jona. Batirin litiyam ya fi son a riƙa ƙara masa kafin ya ƙare. Tsohuwar al'adar nan ta a bar sabon batir ya kwana a wuta, ta batura irin na da ce, ba ta shafi wannan ba.

Abin da ban ce ka saya ba shi ne na yarwa, wanda ake zuƙa har ya ƙare a jefar. Shi ma batirin litiyam ne a cikinsa, lafiyayye da zai iya ɗaukar caji ɗaruruwa, amma bayan 'yan kwanaki sai bola. Wata ƙungiya a Birtaniya mai suna Material Focus ta ƙiyasta a 2023 cewa ana zubar da kimanin miliyan 5 duk mako a ƙasar, kuma motocin kwashe shara suna ta kamawa da wuta in injin ya matse batura. Birtaniya ta haramta sayar da su daga 1 ga Yunin 2025, bayan Beljiyam da Faransa sun riga ta a farkon shekarar. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 da ta ce daga Fabrairun 2027 ƙananan na'urori su zo da batirin da mai su zai iya cirewa ya sauya. Ina fata wannan ya tilasta wa kamfanoni su fito da abin da kai kake nema tun farko, wato batir na cirewa mai rigar roba da mai gadinsa a ciki, irin na Nokia. In hakan ta samu, amsata za ta sauya.

Na san halin mutum, wataƙila ka karanta duk wannan ka ce kai dai babban kake so. To in haka ne, kafin batirin ka fara sayen ɗan akwatinsa na roba, kuma ka ɗaukar wa kanka alkawari ba zai taɓa fita daga na'ura ya shiga ko'ina ba sai cikinsa. Ka sayi caja ta musamman da ake kwantar da batir a ciki, mai nuna bolt, don ramin caji na jikin na'urar na ranar larura ne. Duk lokacin da za ka sa batir ka juya shi a haske ka duba ledar, musamman wuya. In ta yage a sauya mata sabuwa, kada a naɗe da salatif. Wanda ya faɗi ya lotsa, ko ya jiƙe, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, ya gama aiki. In na'urar mai cin biyu ce, a sayi biyun rana ɗaya, iri ɗaya, a yi musu alama, su yi caji tare su ƙare tare, kada a haɗa ɗaya da baƙo. Masu abin a Turai da Amurka aure suke kiran wannan, kuma auren babu saki babu kishiya, don in ɗaya ya fi ɗaya tsufa, raunannen ne ke shan wahala har ya gaza. In kana jin wannan hidima ta yi maka yawa a kan hidimar shago, to ka ba kanka amsa.

Batun jirgi mai sauƙi ne, kuma bai bambanta na rufe da na cirewa ba. Tun 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana sa sigarin lantarki a akwatin da ake aunawa a tura cikin jirgi. A jakar hannu ake riƙe shi, a kashe, ba a yi masa caji a cikin jirgi, ba a kuma zuƙa. Batirin sauyi ma a jakar hannu, kowanne a akwatinsa. Dalili shi ne in ya kama da wuta a inda fasinjoji suke ma'aikata za su gani su kashe, a ƙasan jirgi kuwa babu mai gani. Ka zazzage ruwan tankin kafin tashi, don sauyin iska a sama yana sa shi yoyo. Ka kuma tambayi kamfanin jirginka da dokar duk ƙasar da za ku yada zango, don akwai ƙasashe irin su Singafo da Tailan da mallakarsa ko shiga da shi ke jawo tara ko abin da ya fi tara. A Makka da Madina kuwa, kewayen Harami ba wurin hayaƙi ba ne ko wane iri, wataƙila ma tafiyar ta zame maka gwajin kwana goma ba tare da shi ba.

Saura wanda ya kumbura. Daga yau kada ka sake jona shi, kada ka zuƙa, kada ya kwana a ɗaki. Kumburin iskar gas ce da ta taru a cikin jakar batirin, alamar sinadaran ciki sun fara lalacewa. Na san za a samu yaron gyaran waya da zai ce zai ɓalle shi ya sa maka wani batir. Ka ce masa ka gode. Ɓallewar da bakin sukudireba ita kanta tana iya huda jakar, sannan ƙananan baturan da ke teburinsa, na 'yar rediyo ko na abin sauraro na kunne, ba a yi su don jan wutar hita ba. Ka samu tsohon gwangwanin madara, ka zuba yashi, ka binne na'urar a ciki, ka ajiye a inuwa a waje inda yara ba sa kaiwa. Kada ka jefa shi a kwandon shara, tunda mu bolarmu wuta ake cinna mata, ga yara masu tsince-tsince a kai. In za ka miƙa shi ga masu karɓar matattun batura, ka nuna musu kumburin, ka gaya musu na litiyam ne, don kada a haɗa shi da tarkacen ƙarfe a bi shi da guduma.